Gwada Na'ura Tun Ba a Ƙera Ta Ba



A shekarar 1820 ne André-Marie Ampère, haifaffen birnin Lyon, ya bayyana wa Majalisar Masana Kimiyya ta Paris cewa wayoyi biyu masu ɗauke da lantarki sukan ja juna ko su ture juna. A Lyon ɗin akwai cibiyar bincike mai sunansa, wadda aka kafa a 2007, inda ake siffanta halin taransista da lissafi, domin kwamfuta ta gwada na'ura kafin a ƙera ta.

Manhajar da ta yi fice wajen wannan gwaji ita ce SPICE, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya a 1973. Amma fa abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. In ba a gaya mata ba, takan ɗauka zafin wuri digiri 27 ne. To, ina ga inbatar da za ta yi aiki a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura 40? Muddin injiniya bai sauya wannan adadi ba, bai kuma tabbatar siffar taransistarsa tana lissafa zafi ba, kwamfuta za ta ce lafiya lau, inbata kuwa tana iya ƙonewa a shagon wanda ya saya.