Sankarar Huhu da Manomin Tafoki



A da, in sankarar huhu ta bazu, sai allurar kemo da gashi, a jira ikon Allah. A 2004 masana a Amurka suka gano cewa wasu majiyyata suna da sauyi a ƙwayar halittar EGFR, kuma gefitinib, maganin haɗiya, yana danne irin wannan tsiro. A 2015 aka amince da nivolumab, wanda ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi cutar. Yanzu wasu suna haura shekara 5, alhali a da damina biyu ma da wuya.

To, mu dubi manomin Tafoki. Tari ya daɗe, a ce tarin fuka ne, ya sha magani wata 6 a banza. Kafin a gutsuri tsokar huhunsa a auna, sai ya ratsa Funtua ya kai Asibitin Koyarwa na Shika. Asusun tallafin masu sankara na 2021 kuwa da iri uku ya fara, ba huhu a ciki.

Roƙonmu ga waɗanda za su riƙe ofisoshin lafiya: wanda majinarsa ba ta nuna tarin fuka ba, a tura shi hoton ƙirji a makon nan.