Jawabi Ga Iyaye Kan Talla Da Tarbiyyar Yara

Wannan jawabi na iyaye ne da malamai da duk wanda riƙon yaro yake hannunsa. Sanin kowa ne a zamanin da yaro yakan ɗauki tarbiyya daga gida da makaranta da unguwa. Yau kuwa an sami wani malami na huɗu mai shiga gida ba sallama, watau rediyo da telebijin da wayar hannu, tare da tallace-tallacen da ke cikinsu.

An buɗe tashar telebijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka kafa NTA a 1977. Daga 1992 doka ta yarda 'yan kasuwa su buɗe tashoshinsu, sa'an nan wayar salula ta shigo a 2001. Galibin waɗannan kafofi da kuɗin talla suke rayuwa. Talla ba laifi ba ce, gama da ita mai haja ke sanar da hajarsa. Amma lalle ne a tuna cewa nufinta sayarwa, ba tarbiyya ba.

Masana halayyar ɗan'adam sun nuna cewa yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba bai cika gane cewa mai talla neman ciniki yake yi ba. Abin da ya gani yakan ɗauka gaskiya ne. Saboda haka akan haɗa tallar alewa da biskit da lemon kwalba da waƙa mai daɗi, a yi ta maimaitawa har yaro ya haddace, ya matsa wa uwarsa sai ta saya. A hankali sai ya raina tuwon gida, ya soma auna darajar mutum da abin da ya mallaka.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda hotuna ke sa yaro ya raina jikinsa. Alal misali, a ƙasar Fiji da ke tekun Fasifik mutane sun saba ɗaukar cikar jiki alamar kyau. Telebijin ya isa lardin Nadroga a 1995, cike da finafinan Turai da Amurka. Bayan shekara uku, binciken Dokta Anne Becker ta Jami'ar Harvard ya gano kimanin kashi 11 cikin 100 na 'yan matan makaranta da aka tambaya suna jawo amai da gangan don su rame, alhali da farko babu ko ɗaya.

A Nijeriya cutar ta fi fitowa ta wajen launin fata. Idan yarinya ta tashi tana ganin farar mace ce amarya a fim, ita ce a kwalin sabulu, sai ta ɗauka baƙar fatarta aibi ce. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan ƙasar nan suna amfani da man bilicin. Wasu mayukan suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wasu kuma da magungunan da ke sa fata ta yi laushi har rauni ya ƙi warkewa. Abin takaici, har an kai ga wasu iyaye mata suna shafa wa ƙananan yara. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

Gwamnatin Tarayya ta yi tanadi. Dokar taba ta 2015 ta hana tallar sigari da sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. A 2022 aka kafa hukumar ARCON a madadin APCON don tace talla, ta kuma hana sa baƙin fuskoki da muryoyi a tallar da ake yi wa 'yan ƙasa. Duk da haka hukuma ba za ta iya zama kusa da kowace waya ba. A can kuwa akan biya wasu sanannun mutane su yabi kaya kamar hira suke yi.

Don haka nauyi mafi girma yana kan iyaye. Na farko, a ƙayyade lokacin kallo: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na biyu, a zauna a yi kallo tare, a tambayi yaro wa ya biya kuɗin wannan talla, me kuma yake so a saya. Na uku, a daina yi wa yaro ba'a da launinsa ko ƙibarsa, ko fifita fari a kan ɗan'uwansa. Na huɗu, a duba lambar NAFDAC kafin a sayi kowane mai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji darajarsa daga bakin iyayensa ba zai neme ta a bakin mai talla ba.