Babur ɗin da ya kai mu kasuwa shi zai mayar da mu gida

Jawabin ofishin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa, da waɗanda suka zo daga Jibiya da Katsina, barkanmu da sake ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An saba a rana irin ta yau magatakarda ya karanta kuɗin shiga da na fita, a tafa, a ci abinci, a watse. Lissafin yana shafin ƙarshe, kowa zai gani. Mun roƙi shugaba 'yan mintoci ne don mu yi magana kan abin da littafin asusun taimako ya daɗe yana nuna mana. In aka cire rashin lafiya da rasuwa, kalmar da muka fi rubutawa a cikinsa ita ce: babur ya lalace a hanya.

Bara da damina wani ɗan'uwanmu ya taso daga kasuwar Jibiya ranar Lahadi da la'asar, ɗauke da atamfa da takalma. Yana tsakanin ƙauyuka biyu sarƙar babur ta tsinke, ta naɗe, ta fasa murfin inji, baƙin mai ya tsiyaye. Magariba ta yi masa a wurin, waya babu sabis, ga hadari ya haɗo. Sai da ya ba wani bawan Allah ajiyar rabin kayan, ya tura babur a ƙafa, washegari aka je da amalanke. Duk mun san yadda dajinmu yake da dare a shekarun nan. Allah ne ya tsare. Da muka zauna da shi, ya ce mako biyu sarƙar tana ƙara, bakanike ya ce a sauya, shi kuma ya ce sai bayan kasuwa. Kuɗin gyaran ya ninka kuɗin sarƙar sau da yawa, ban da atamfar da ruwa ya taɓa. Ba mun kawo labarin don tsiya ba ne. Wane ne cikinmu bai taɓa cewa "sai bayan kasuwa" ba?

Waɗanda suka yi Agadas cikinmu sun taɓa ganin manyan baburan masu yawon duniya, masu doguwar ƙafa da ƙaton tanki da akwatuna hagu da dama. Ɗaya daga cikin fitattunsu sunan hamadarmu ya ɗauka: kamfanin Yamaha ya fitar da Ténéré a 1983, da tanki mai cin kusan lita 30. Kafin nan, tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya bi ta Agadas da Yamai ya ƙare a Janairun 1979, Cyril Neveu ne ya cinye shi a kan Yamaha XT500. Fistin ɗaya gare shi, iska ke sanyaya shi, sarƙa ke jan sa, daidai da Boxer da Haojue da TVS da muke hawa. Masu irin wannan tafiya kuwa ba sa kwanciya da dare sai sun duba matatar iska, sun taɓa sarƙa, sun leƙa baƙin mai. Su sau ɗaya suke tafiyar su koma gida su ba da labari. Mu kowane mako muna cikin rairayi da ƙura da laka, da lodin da ya fi nasu, a kan babur da bai kai nasu ƙarfi ba. Mu muka fi su buƙatar wannan ɗabi'a.

Ƙura da baƙin mai

Abin da ya fi kashe inji a ƙasarmu ƙura ce, musamman da hunturu. Duk iskar da inji zai shaƙa ta matatar iska take bi, wadda bakanikai ke kira iyakilina. In ta toshe, babur ya rasa ƙarfi ya kama shan mai. In ta yage, ko aka cire ta wai don babur ya ƙara gudu, rairayi ya shiga ya riƙa goge ringi da bulok kamar ana yi musu sanfefa. Alamar farko baƙin mai ya riƙa raguwa, sai shuɗin hayaƙi, daga nan sai a kwance inji. Idan matatarka ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a matse ta a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan, domin man ne ke kama ƙurar. Idan ta takarda ce, ba a wankewa, ba a sa mai. A kakkaɓe, in ta yi baƙi a sauya. Mai bin hanyar ƙasa ya duba ta kowane mako.

Baƙin man da ke cikin ƙananan baburanmu bai wuce lita guda ba, ga shi shi kaɗai ke yi wa inji da giya da kuloci aiki cikin zafin Afrilu. Adadin kilomitar da littafin babur ya faɗa na mai bin kwalta ne ba lodi. Mu shawararmu a raba shi biyu. Wanda mitarsa ta mutu ya rubuta ranar juye, ko bidanji kamar yadda mutanen Maraɗi ke cewa, a wayarsa, ya riƙa ƙirga kasuwanni. A sayi mai a rufaffiyar roba, a duba lambar kauri irin 20W-50 da alamar JASO MA, wadda ke nuna man ya dace da kulocin babur. Wani man mota yakan sa kuloci sulɓi. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya kuwa, babu wanda ya san inji nawa ya zaga kafin ya zo naka.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 kowa ya ji a aljihunsa. A ƙauye ba mu da zaɓi, wajen 'yan bumburutu ko 'yan ruwa-ruwa muke saye. To a ɗaga kwalbar a duba gindinta, domin ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. A sa ƙaramar matata a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireta. In babur ya fara shessheƙa bayan shan mai, a kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta a zubar da abin da ya taru, kafin a fara zargin fulogi, wato buji.

Sarƙa

Mu dawo kan abin da ya kwantar da ɗan'uwanmu. Kuskuren da muka fi yi shi ne ɗaure sarƙa babur yana tsaye ba kaya. Da an yi lodi, baya ya zauna, sarƙa ta ƙara miƙewa, ta koma kamar tsirkiyar baka; daga nan ta ci boris ɗin ƙaramin sufuroket ko ta tsinke. A gwada ta da mutum a kai: a tsakiyarta ta yi wasa sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, wato santimita 2 zuwa 3 a irin baburanmu. Masu doguwar ƙafa sun fi haka buƙatar sako. In ana ja, a daidaita zanen hagu da na dama, kada ƙafar baya ta karkace.

A wanke ta da kananzir, a shafa man giya kaɗan, a goge ragowar, domin mai da yawa in ya haɗu da rairayi ya zama abin niƙa. Murfin sarƙa da samari ke cirewa don ado, a mayar da shi. Shi ke ƙara mata kwana. In ka ja sarƙa daga bayan babban sufuroket ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki. In haƙoran sun lanƙwashe kamar lauje, su ma sun gama. A sauya su ukun tare, don sabuwar sarƙa a kan tsohon sufuroket ba ta daɗewa. Ɗan makullin mahaɗin sarƙa kuma, rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙar ke tafiya.

Taya, birki da ruwa

Iskar taya da geji ake aunawa, da safe tayar na sanyi, ba da dukan ƙafa ba. A irin Boxer, kamar 25 a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon nauyi. Rage iska yana taimakawa cikin rairayi, amma da an hau tsandauri a mayar, in ba haka ba taya ta riƙa zamewa a kan wili har ta tsinke bakin tub. Kafin a sayi taya a duba lambobi huɗu da ke gefenta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Tayar da ta daɗe a shago cikin zafi takan tsattsage ko ba a hau ta ba. A bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da sifana. Wadda ta yi ƙara ras tana lafiya, wadda ta yi dum ta saki, a ɗaure ta kafin ta ja 'yan'uwanta.

Da yawa cikinmu muna tsoron birkin gaba, wasu ma sun bar shi ya mutu, alhali a kan hanya mai ƙarfi shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur. A gyara shi, a koyi kama shi a hankali tare da na baya. Bayan ƙetare ruwa a ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe. In kuma inji ya mutu a tsakiyar gulbi ko kwazazzabo, kada a buga shi. A turo shi tudu, a cire fulogi, a bubbuga ruwan ya fita. In baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai an yi juye.

Ƙari mai amfani da ƙarin ado

Ba mu hana kowa yi wa babur ɗinsa ƙari ba, sai dai a san na fara yi. Kariya mai ƙarfi, shoka mai ɗaukar nauyi, tub mai kauri saboda ƙayar aduwa da bagaruwa, fitila mai haske, madubi, da wurin cajin waya mai fis: waɗannan kuɗinsu na dawowa. Mai yawan lodi cikin rairayi yana iya sa ƙaramin sufuroket da ya gaza na asali da haƙori ɗaya. Zai rasa ɗan gudu, ya sami ja. Yanke salansa, da tarin fitilu da aka murɗa wayoyinsu da hannu ba fis, ƙarshensu mutuwar batir ko gobara. In za a yi walda a jikin babur, a sauke tanki, a cire batir.

Wajen lodi, mai nauyi ya zauna ƙasa kusa da bayan mahayi. In nauyi ya wuce ƙafar baya, gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. Idan ɗan'uwa ya tsayar da kai a tasha ya ce ɗaurinka ya karkata, kada ka ji haushi: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wajen sayen kayan gyara kuma mu tuna araha ba ta ado. Takalmin birki da sarƙa da taya ba wurin neman ragi ba ne.

Kada kowa ya fita ba sifana 10 da 12 da 14 da 17, da ta fulogi, da fulaya, sukudireba, ƙarfen cire taya, faci da gam, famfo, fulogi sabo, mahaɗin sarƙa, wayar kuloci, tocila da ruwan sha. Duka ba su cika 'yar jaka ba. Takardun babur su kasance a leda a jiki, hular kwano kuma a ka, ba a rataye a hannun babur ba.

Abin da muke roƙo

Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun sake ganin wani daga 2023 zuwa Maris na 2024. Wannan ba a hannunmu yake ba. Lafiyar babur kuwa a hannunmu take. Don haka muna gabatar wa taro buƙatu huɗu. Na ɗaya, kowane reshe ya ajiye akwatin kayan aiki da geji a tasharsa. Na biyu, mu tattara sunayen bakanikai da masu faci da muka yarda da su a ɓangarorin biyu, a raba wa kowa. Na uku, asusun taimako ya riƙa ba da ɗan rance don gyara tun abu bai lalace ba, a biya bayan kasuwa biyu. Ya fi mana sauƙi bisa ga biyan kuɗin inji da ya fashe. Na huɗu, kada kowa ya taso shi kaɗai bayan la'asar, kuma duk mai tafiya ya sanar da wakilin reshe hanyar da zai bi.

Iyayenmu da suka kafa wannan hanya da jaki da raƙumi ba sa cin tuwon dare sai dabba ta ci, sun duba ƙafarta da bayanta. Abin da muke nema bai wuce haka ba: minti goma kowace safiya kafin a ɗora kaya. Wanda ya san sarƙarsa na ƙara yau, ya biya wajen bakanike kafin Lahadi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.