Akwalar da ta girmi kakana

Yau ba zancen zaɓe, zancen mota zan yi muku.

Lokacin da nake digiri na biyu a Birmingham, akwai wani dattijo maƙwabcina da ke da Austin Seven Ruby ƙirar 1936 a garejinsa, tsatsa ta ci gindin ƙofofinta. A nan garin, a masana'antar Longbridge aka ƙera ta, kafin yaƙin duniya na biyu. Da gwiwoyinsa suka hana shi durƙuso, sai ya sayar mini da ita da arha, da sharaɗi ɗaya: kada in sa mata injin zamani.

Wallahi na ɗauka aikin wata uku ne. Shekara biyu ta ci, haɗe da kuɗin da nake samu a aikin dare.

Injinta ƙarami ne, cc 747 kacal. Babu famfon ruwa. Ruwan da ya yi zafi shi ke hawa lagireto da kansa, in ya huce ya sauko. Batir volt 6 ne, idan ya yi sanyi sai ka zagaya gaba ka murɗa handil. Birkin kuwa na waya ne, irin na keke, sai dai ya fi kauri. Sati uku na yi ina daidaita wayoyin nan, don in ɗaya ta fi ja, motar sai ta karkace gefe. A nan na daina raina bakanike, ni da nake taƙama da kwalin digiri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kusan duk abin da na nema na samu, saboda masu irin motar suna da ƙungiyoyi, har yau ana ƙera kayan gyaranta. Mu kuwa Peugeot 504 ɗin da aka haɗa a Kaduna, wadda ta kai iyayenmu asibiti da gidan biki, 'yan gwangwan muke miƙa wa su auna a sikeli.

Yanzu na dawo gida, ita tana can a garejin dattijon. Sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka sauya hannun tuƙi, ga kuɗin jirgin ruwa da na kwastan. Wani ya taya ta makon jiya. Har yanzu ban amsa masa ba.