Injiniyan Magudanan Ruwa a Ƙaramar Hukuma: Aikinsa da Ilminsa

Jawabin yau a kan wani ma'aikaci ne wanda ba a cika tunawa da shi ba sai damina ta kankama, ruwa ya shiga ɗakuna. Shi ne injiniyan da ke kula da magudanan ruwan sama a ƙaramar hukuma. Ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san aikinsa da irin ilmin da a ke bukata gare shi, domin gida da dukiya, wani lokaci ma har da rai, suna rataye a kan lissafinsa.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa gina tituna da lambatu da gyaransu, da kuma kwashe shara, cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ƙananan hukumomin nan 774 ne, in an haɗa da shida na Babban Birnin Tarayya. A manyan birane kamar Ikko, gwamnatin jiha ce ke riƙe da manyan magudanai. Amma lambatun unguwa da kwalbatin hanyar ƙauye suna hannun Sashen Ayyuka na ƙaramar hukuma, inda injiniyan nan ya ke.

Waɗansu suna zaton lambatu rami ne kawai da kowane magini zai iya haƙawa ya shafe da siminti. Lissafi kaɗan zai nuna cewa abin ya wuce nan. Idan aka yi ruwan sama na milimita 1, kowace murabba'in mita ta sami lita 1. Saboda haka ruwa na milimita 50 a kan fili mai faɗin hekta 1 ya kai lita 500,000. In filin gona ne ko daji, ƙasa za ta shanye kaso mai yawa. In kuwa an rufe shi da kwano da kwalta da daɓen siminti, kusan kashi tara cikin goma zai kwarara, kuma cikin ɗan lokaci. Wannan shi ya sa unguwar da ba ta san ambaliya ba a da ta kan fara saninta bayan gine-gine sun cika ta, ko da ya ke ruwan saman bai ƙaru ba.

Aikin injiniya na farko shi ne awo. Da shi da safiyo su kan auna tudu da gangare, su gano iyakar yankin da ke zubo ruwa a kowace kwata. Sa'an nan ya nemi bayanin ruwan sama na shekaru masu yawa daga Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya. Fatakwal ta kan sami fiye da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta kai 1,000 ba, amma abin da ya fi damunsa shi ne yawan ruwan da zai iya sauka cikin sa'a guda. Daga nan ya ke yanke faɗin lambatu da zurfinsa da gangarensa. In gangaren ya yi kaɗan, yashi ya kwanta, ruwa ya tsaya, sauro ya hayayyafa. In ya yi yawa, ruwa ya zaizaye ƙasa, ya ci gindin gini. Kuma dole ya san inda ruwan zai ƙare, watau rafi ko kogi, don kada a kawar da wahala daga wata unguwa a jibga wa ta ƙasa da ita.

Aikinsa na biyu shi ne sa ido a kan ɗan kwangila: kwaɓin siminti da yashi da tsakuwa, kaurin rodi, da ban-ruwan kankare har ya yi ƙarfi. Kada ya sa hannu a takardar biyan kuɗi sai ya ga aikin da idonsa. Na uku, ya ba da shawara a hana gini a kan hanyar ruwa. Na huɗu, ya shirya yashe lambatu kafin ruwan fari, ya kuma haɗa kai da duba-gari don kada ƙazantar masai ta gauraya da ruwan sama ta jawo kwalara.

Abin da ya sami Ibadan ya isa darasi. Rafin Ogunpa ya ratsa tsakiyar birnin, aka yi ta gini a bakinsa, ana kuma zuba masa shara. Ran 31 ga Agusta 1980 ya cika ya tumbatsa, ya halaka mutane masu yawa, ya rushe gidaje. Daga baya aka faɗaɗa shi, aka ɗaure gefensa da kankare. Duk da haka, ran 26 ga Agusta 2011 wata ambaliyar ta sake auka wa birnin, mutane fiye da 100 suka rasu. Watau ke nan gyaran rafi ɗaya ba ya wadatarwa, muddin ana toshe sauran hanyoyin ruwa.

To, wane ilmi ya kamata mai wannan aiki ya samu? Tun daga sakandare sai ya ci darussa biyar da kyau, cikinsu har da Turanci da lissafi da fizik da kemistiri. Sa'an nan ya yi shekara biyar a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Nsukka ko ta Ikko, yana karanta injiniyancin gine-gine da hanyoyi, tare da ilmin tafiyar ruwa da halin ƙasa da safiyo. Cikin shekarun nan a kan tura shi koyon aiki a ma'aikata. Bayan digiri, sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki, kafin ya nemi rajista da majalisar kula da aikin injiniya, watau COREN, wadda aka kafa da Doka ta 55 ta 1970. Wanda ba ta yi wa rajista ba, doka ba ta yarda ya yi aiki da sunan injiniya ba. Majalisar tana kuma yi wa masu difloma daga kwalejojin fasaha da masu sana'ar hannu rajista, kowa a matsayinsa, gama injiniya ba ya aiki shi kaɗai.

Bayan takardun shaida akwai hali. A na bukatar mutum mai gaskiya wanda ba ya karɓar toshiya, mai ƙarfin zuciyar gaya wa babban mutum cewa fulotinsa yana kan hanyar ruwa, mai fita cikin ruwan sama ya ga yadda lambatunsa ke aiki.

Jama'a kuma suna da nasu rabon. Kada a zuba shara da leda a lambatu. Kada a yi gini ko rumfa a kansa. In kwalbati ya toshe ko ya tsage, a sanar da mai unguwa ko kansila tun da rani. In an zo gina sabon lambatu, masu unguwa suna da ikon tambayar wanda ya zana shi, da ko yana da rajista. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Yashe lambatu aikin yini guda ne, tada gidan da ya rushe kuwa ya kan ci shekaru.

Allah ya ba da damina mai albarka.