Hoton Baƙi-da-Fari da Tsofaffin Gine-ginen Birnin Zariya

 

Maganar da zan yi a kan tsofaffin hotuna ce, irin na baƙi-da-fari da ake ɗauka da fim, a kai ɗakin duhu a wanke. Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. In aka yi damina uku ba yaɓe, zanko ya karye, azara ta ruɓe, soro ya zauna. Daga nan sai magada su kawo bulo da kwano. Abin da ke saura shaida shi ne hoto.

Ku dubi Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna shi ya kuma ɗauki hotunansa tun kafin a kewaye shi da ginin zamani. Aikinsa ya fito a littafi a 1990, bayan rasuwarsa, kuma akwai kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos. Baƙo ne ya yi mana wannan hidima. Zaurukan unguwanninmu kuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, wa ya yi musu?

Wani zai ce ai yanzu kowa da waya a aljihu. Haka ne, kuma ban raina ta ba. Sai dai ginin ƙasa launinsa ɗaya ne, kyansa yana cikin haske da inuwa. Idan hantsi ya bugi bango a kaikaice, zanen magini yakan fito raɗau, kowane layi da inuwarsa, haka ma lanƙwasar bakan gizo da ɗaurin guga a cikin soro. Baƙi-da-fari ba ya raba hankalin ido, wannan kaɗai yake nunawa. Ga kuma ƙarko: sinadarin azurfa ne ke riƙe da hoton, shi ya sa za ka ga na zamanin En'e yana nan garau, alhali mai launi na bikin aurenka ya koɗe ya yi ja.

Ni kaina na yi asara. Ina sabon malami na ɗauki zauren kakanmu da kyamarar aro, na zuba nagetif ɗin a akwati na manta. Da na buɗe bayan shekaru, laima ta manne su, gara ta cinye takardun. Zauren kuwa an rushe shi, yanzu shaguna ne a wurin. Jikokina suna tambayata yadda yake, sai dai in zana musu a ƙasa.

Saboda haka roƙona ga wannan ƙungiya shi ne, kowa in ya shiga gida yau ya sa a buɗe adaka. Hoton da aka samu a kai wa dattijo mafi shekaru ya faɗi gidan wane ne, wace unguwa, wane magini. A rubuta a bayansa da fensir, kada a sa biro, domin tawada tana ratsa takarda. A adana shi cikin ambulan a wuri busasshe, a kuma ba sakatare dama ya ɗauki kwafi a kwamfuta kafin taronmu na baɗi.