HAƘƘIN ƊALIBI BAƘO A KAN MAI MASAUKINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu daraja, abin da zan yi magana a kansa yau shi ne saukar da ɗalibin wata ƙasa a cikin gida, ya zauna tare da iyali har ya kammala karatunsa.

A wannan zamani akwai tsarin da ake kira musayar ɗalibai, wanda ƙungiyar AFS take gudanarwa tun shekarar 1947. A shekarar 2002, bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin YES, mai ɗauke da sunayen Sanata Kennedy da Sanata Lugar. Daga 2003 aka riƙa ɗaukar 'yan sakandare daga ƙasashen da ke da Musulmi da yawa, har da Nijeriya, suna yin shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa, waɗanda ba a biyan su ladan masauki. Daga 2009 kuma aka fara aiko da 'ya'yansu gidajen mutane a ƙasashe irin su Ghana da Maroko. Mu ma a nan, ɗalibai daga Nijar da Cadi da Kamaru suna zuwa neman ilimi Kano da Zariya da Sakkwato, wasunsu a gidajenmu suke sauka. Saboda haka lalle ne mu san hukuncin abin.

Sanannen abu ne a Sunna cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kan haka sadaka ne. To amma ɗalibin da iyayensa suka rabu da shi, ya ƙetare iyakar ƙasa, ya zauna wata goma a hannunka, ya wuce matsayin baƙon kwana uku. Ya zama amana, kuma Allah (S.W.T.) zai tambaye ka game da cinsa da lafiyarsa da karatunsa da tarbiyyarsa.

Muna da abin koyi a wajen magabata. Lokacin Hijira, a shekarar 622 Miladiyya, Manzon Allah (S.A.W.) ya sauka a gidan Abu Ayyub Al-Ansari (R.A.) kimanin wata bakwai. An ruwaito cewa wani dare tulun ruwa ya fashe a bene, sai Abu Ayyub da matarsa suka sa mayafinsu suna tsane ruwan, don gudun kada ya ɗiga a kan baƙonsu da ke ƙasa. Haka nan Malik bin Al-Huwairis (R.A.) ya zo Madina tare da wasu samari tsararrakinsa, suka yi kwana 20 suna ɗaukar ilimi. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya lura kewar gida ta kama su, sai ya tambaye su labarin waɗanda suka baro, sa'annan ya umurce su da su koma su karantar da mutanensu. Ku duba, ya 'yan'uwa, bai jira sun kawo kuka ba, shi ya fara lura da halin da suke ciki.

Ni kaina na ɗanɗana zaman baƙunci lokacin da nake karatu a Sudan, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Wani dattijo a Omdurman ya sauke ni, a daren farko ya zaunar da ni ya faɗa mini lokacin da ake rufe ƙofa, da ɓangaren gidan da ba na shiga, sa'annan ya tambaye ni abincin da cikina ba ya karɓa. Wannan zama na rabin sa'a ya raba mu da saɓani har na bar gidan. Amma bayan dawowata na ga akasin haka a wani gida, inda aka mai da wani yaro ɗan Cadi ɗan aike, daga kasuwa sai injin niƙa, har jarrabawa ta zo ya faɗi. Kunya ta hana shi magana, domin a ganinsa wanda ake ciyarwa ba shi da bakin ƙorafi.

Don haka ga abubuwan da ya wajaba mai masauki ya kiyaye.

Na farko, ka tuna karatu ya kawo shi. Ya yi aikin gida gwargwadon yadda 'ya'yanka suke yi, ya ci abin da suke ci, kuma a bar masa lokacin bitarsa.

Na biyu, kiransa da "ɗana" kyautatawa ce, amma ba ta mai da shi muharrami. An daɗe ana kiran Zaidu bin Harisa (R.A.) ɗan Muhammadu, har Suratul Ahzab ta sauka ta mai da nasabarsa ga mahaifinsa. Saboda haka in ɗalibin baligi ne, hijabi yana nan, hanin keɓewa da mata yana nan, kuma a ware masa makwancinsa. In mace ce, a damƙa ta ga uwargida, samarin gida su kiyaye iyakarsu. Wanda gidansa ba zai ɗauki wannan tsari ba, gara ya ba da haƙuri tun farko, ya taimaka ta wata hanya.

Na uku, in ba Musulmi ba ne, haramun ne a tilasta masa addini ko a yi masa izgili. Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, suka tattauna, suka koma da addininsu bisa yarjejeniya. Yaya za ka ji in aka ce ɗanka yana wani gida a Amurka ana hana shi salla, ko ana zuba masa naman alade? Abin da kake so a yi wa naka, shi za ka yi wa na wani. In ya yi tambaya ka amsa masa da ilimi, sauran kuma halinka ne zai yi wa'azi.

Na huɗu, ka riƙe zumunci da iyayensa. Ka sa shi ya riƙa kiransu, in ya yi rashin lafiya ka kai shi asibiti ka sanar da su, kada ka ɓoye.

Daga ƙarshe, ya 'yan'uwa, wannan yaro zai koma ƙasarsu, kuma duk abin da zai faɗa game da Musulmin wannan ƙasa, a zaurenka da akushinka ya gan shi. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare mana 'ya'yanmu da ke hannun wasu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.